HIRAR GIDA: Rijiyar Da Ba Mu Haƙa Ba



Wasiƙar da ta jawo hirarmu ta wannan wata daga wurin wata uwa ta fito, malamar makarantar Lahadi ce a wajen kudancin Kaduna. Ta ce wata rana da dare suna cin tuwo, ba wuta, sai ɗanta mai shekara 14 ya ce mata, "Mama, malaminmu ya ce ƙasarmu tana cikin manyan masu man fetur a Afirka. To, me ya sa asibitin garinmu ba magani, a makaranta kuma mu ne muke sayen alli?" Ta amsa masa da abin da kowannenmu zai faɗa, ta ce shugabanni ne suke sace kuɗin. Yaron ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Me ya sa kullum namu ne ɓarayi? Allah ya halicce mu dabam da sauran mutane ne?" Uwar ta ce a nan bakinta ya mutu, shi ya sa ta ɗauki alƙalami.

'Yar'uwa, ki gai da mini yaron nan. Tambayarsa ta biyu ta fi amsarki ta fari nauyi, ki yi mini gafara. Allah bai halicce mu dabam ba. Zuciyar ɗan adam ɗaya ce ko a Legas ko a London, gama dukanmu 'ya'yan Adamu ne. Amma akwai irin dukiyar da take sa sata ta yi wuya, akwai kuma irin wadda take buɗe wa ɓarawo ƙofa ta kuma kashe masa fitila. Bari in bi da ke ta hanyar da na fi sani.

Ni ɗan manomi ne. Ina yaro, kowace shekara bayan kaka mahaifina yakan kai gyada kan sikeli, ya karɓi kuɗi, ya ware na haraji kafin ya saya wa kowa riga. Takardar harajin nan kuwa a cikin gwangwani yake ajiye ta tare da katin baftismarsa. Bai iya karatun boko ba, amma ya san ko sule nawa ya bayar. Shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar kasuwarmu aka bar shi ba gyara, na ga mahaifina da waɗansu dattawa biyar sun taka har ƙofar mai gari, sun zauna a zaure, suka ce ba za su tashi ba sai an faɗa musu inda kuɗinsu ya shiga. Ba su zagi kowa ba. Maganarsu ɗaya ce: mun biya. Kafin damina ta sake zagayowa aka gyara kwalbatin.

Kada wani ya ce ina yabon zamanin haraji. Na ga an ɗaure mutum a rana saboda ya kasa biya, na ga waɗanda suka sayar da akuyar marayu, na ga masu karɓa suna ƙara nasu a kai. Cin amana kuma ba fetur ne ya haife shi ba. Hukumomin sayen amfanin gona na wancan lokaci sukan sayi gyada da auduga da koko a hannun manomi da araha su sayar a ƙasashen waje da tsada, ribar kuwa ba duka ta shiga inda ya kamata ba. A 1962 kwamitin Mai Shari'a Coker ya tona yadda kuɗin manoman koko na Jihar Yamma suka bi ta wani kamfani suka faɗa aljihun jam'iyyar siyasa. Saboda haka ɓarawo yana nan tun dā. Sai dai a lokacin gwamnati tana bukatar manomi kamar yadda mai doki yake bukatar ciyawa. In gyada ba ta yi ba, baitulmali ya bushe. Don haka dole ta aiko da malamin gona, ta gyara hanyar da motar gyada za ta bi, ta kuma ji tsoron fushin masu biya. Matan Aba sun nuna haka a 1929 sa'ad da suka ji ƙishin-ƙishin za a sa musu haraji. Matan Abeokuta kuma, a ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, sun yi ta zaman dirshan a ƙofar fada saboda haraji har Alake ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949.

Sai ga fetur. A 1956 kamfanin Shell-BP ya same shi a Oloibiri, wani ƙauye da yake cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, a 1958 kuma jirgi na fari ya fita da ɗanyen mai. Da fari abin bai taka kara ya karya ba. Amma bayan yaƙin basasa Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, sa'an nan yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba 1973 ya sa ganga ɗaya ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Ka yi tunanin magidanci da yake samun buhu goma a shekara, ya wayi gari ya tarar da buhu arba'in a tsakar gida, ba shi da rumbun da zai ɗauka, ba shi da littafin da zai rubuta, maƙwabta kuma duk sun ji labari.

Mu da muka ga 1975 da idonmu ba za mu manta ba. Shekarar kuɗin Udoji ke nan, da aka ƙara wa ma'aikata albashi aka kuma biya su ariyas. Kowa ya ruga sayen rediyo da babur da gado mai rumfa, kayan kasuwa suka yi tashin gwauron zabo, manomi da ba shi da albashi ya sha wuya. A shekarar ce kuma aka yi abin kunyar nan na siminti. Ma'aikatun gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 a kawo cikin shekara ɗaya, tan miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni. Kowane jirgi kuwa ana biyansa dubban daloli kowace rana, kuɗin jira. Har waɗansu masu wayo a Turai suka riƙa loda wa tsofaffin jirage siminti su turo su Legas, ba don a sauke ba, don dai su shiga layi su ci kuɗin jira. Siminti ya sha iskar teku ya daskare a cikin jirage ya zama dutse. Wanda ya sa hannu a takardar oda ya riga ya karɓi kasonsa tun kafin jirgi ya taso, saboda haka ko simintin ya gina bariki ko ya nutse, shi bai dame shi ba.

A nan akwai abin da nake so mu Kirista mu lura da shi, ko da yake ba zai yi mana daɗi ba. Shugaban ƙasa a lokacin, Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa, mutane da yawa kuma suna shaidarsa cewa bai tara wa kansa dukiya ba. Duk da haka, bayan an hamɓarar da shi ran 29 ga Yuli 1975, binciken da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sa aka yi ya sami gwamnoni 10 daga cikin 12 da laifin cin amanar dukiyar jama'a. A cikin goman nan akwai masu zuwa masallaci, akwai masu zuwa majami'a. Kirkin mutum ɗaya a bisa bai tsare baitulmali ba. Sau da yawa nakan ji ana addu'a a ce, Ubangiji ka ba mu shugaba mai tsoronka. Addu'a ce mai kyau, ni ma ina yinta. Amma mai tsoron Allah ma ido biyu gare shi, ba zai iya tsayawa a kan kowace takardar kwangila ba.

To, mene ne a cikin kuɗin mai da yake sa haka? Ga yadda na fahimce shi. Kuɗin gyada daga hannun mutum miliyoyi yake fitowa, kowa ya san nasa. Kuɗin mai ta ƙofa ɗaya yake shiga. Kamfanin waje ne yake haƙowa, sau da yawa can cikin fadama ko tsakiyar teku inda ba mai gani, da na'urori da ma'aikata 'yan kaɗan. A sayar wa baƙo a ƙasar waje, a biya da dala a banki a ƙasar waje. Daga rijiya har zuwa baitulmali, mutanen da suka san gaskiyar lissafin ba za su cika aji ɗaya na makarantar firamare ba. Ganga nawa aka haƙo jiya? Nawa aka sayar? Wa aka ba izinin ɗauka? Ni da ke ba mu sani ba, ba kuma wanda ya zo ƙofarmu ya ce mu kawo sule. Tun da ba a cire daga aljihunmu ba, in an sace ba ma jin zafi nan da nan. Mukan ce kuɗin gwamnati ne, sai ka ce gwamnati wata attajira ce baƙuwa da ta sauka a unguwa. Mahaifina yana cewa "mun biya". Mu kuwa abin da muka koya shi ne "a taimaka mana".

A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, suna kuma da dalilin murna. Amma abin da ya sa gwamnati ta iya yafe wannan kuɗi shi ne ta sami wani nono da ya fi shi kauri. Tun daga nan sha'anin mulki ya koma rabo. Kowane wata wakilan jihohi suna haɗuwa a raba abin da ya shigo, yau tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Shugaban da abincinsa daga Abuja yake zuwa, fuskarsa Abuja take duba, ƙeyarsa ce take duban mutanen garinsa. Ba ya bukatar kasuwar garin ta cika ko gonaki su yi albarka kafin ya biya kansa. Ƙuri'a kaɗai yake bukata sau ɗaya a shekara huɗu, ita ma da kuɗin rabon yake sayenta.

Noma kuma ya sha kashi. I, fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyada a 1975 sun yi ɓarna ƙwarai, amma fari yakan wuce manomi ya koma gona. Abin da ya hana dalar gyadar Kano dawowa shi ne dala ta Amurka. Da daloli suka cika ƙasa, naira ta yi ƙarfi, sai shinkafar waje da man girki na waje suka fi na gida araha, samari suka bar fartanya suka tafi birni neman aikin leburan kwangila. Masana suna kiran wannan cutar Holan, domin abin da ya sami masana'antun ƙasar Holan ke nan bayan sun sami iskar gas a 1959. Ƙasar da take sayar wa duniya gyada da manja ta koma mai sayen abinci, a zamanin Shagari kuwa takardar izinin shigo da shinkafa ta zama abin da ake saka wa 'yan jam'iyya da shi. Sa'ad da noma da sana'a suka daina arzuta mutum, gona ɗaya ce ta rage mai yabanya, watau kujerar gwamnati. Shi ya sa ake kashe-kashe a kanta. Shi ya sa kuma mai neman kujera yakan zo mana da sunan addini ko na kabila, domin ya san ba shi da wani aikin da zai nuna.

Sauran labarin kun san shi, ba zan daɗe a kai ba. Kwamitin Pius Okigbo na 1994 ya ba da rahoton dala biliyan 12.4 da suka bi ta waɗansu asusu na musamman tsakanin 1988 da 1994, ba tare da sun shiga kasafin kuɗi ba. Janar Sani Abacha ya mutu a 1998, amma bayan shekara 22, a 2020, ana nan ana dawo da kuɗin da aka ɓoye a zamaninsa: fiye da dala miliyan 300 a wannan karo kaɗai, daga tsibirin Jersey, ban da abin da Switzerland ta riga ta mayar. A 2011 an sa naira biliyan 245 a kasafi domin tallafin mai, kwamitin Majalisar Wakilai kuwa ya tarar an kashe fiye da tiriliyan 2.5, waɗansu an biya su kuɗin man da ba su taɓa shigo da shi ba. Kaito, shi kansa shugaban kwamitin binciken kotu ta ɗaure shi a 2021 saboda karɓar toshiyar dala 500,000 a kan wannan bincike. A 2014 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya ce akwai dala biliyan 20 na mai da ba su iso baitulmali ba. Cikin watan Fabrairu na shekarar aka dakatar da shi daga aiki.

Kada mu manta hannu biyu ne yake yin rashawa. Wata ƙungiyar kamfanonin waje ta biya toshiya wajen dala miliyan 180 domin samun kwangilar gina masana'antar gas a tsibirin Bonny, har a 2009 kamfanonin KBR da Halliburton suka biya hukumomin Amurka dala miliyan 579 saboda wannan magana. Bankunan da suka karɓi ajiyar ɓarayinmu kuma ba a daji suke ba, a manyan titunan Turai suke. Waɗanda suka fi kowa shan wuya kuwa su ne mutanen da man yake fitowa daga ƙarƙashin ƙafafunsu. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce share ƙasar Ogoni daga dattin mai zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ƙasar da aka rataye ɗanta Ken Saro-Wiwa tare da mutum takwas a 1995. 'Yan'uwanmu na Filato sun san irin wannan gado: Turawa sun kwashe kuza sun bar musu tafkuna masu cin yara.

Yanzu bari mu koma ga tambayar yaron. In dukiyar ƙasa la'ana ce, ai da duk mai ita ya lalace. Ba haka yake ba. Botswana ta sami mulkin kai a 1966 tana cikin matalautan duniya, kwaltar ƙasar duka wajen kilomita 12 ce. A 1967 aka sami lu'ulu'u a Orapa, a yankin kabilar shugaban ƙasa Seretse Khama, wanda shi ne magajin sarautarsu. Da ya so, da ya ce arzikin gidansu ne. Maimakon haka ya sa aka yi doka cewa duk abin da yake ƙarƙashin ƙasa na al'umma duka ne, aka yi yarjejeniya da kamfanin De Beers wadda daga baya ta zama rabi da rabi, kuɗin kuma ba a taɓa shi sai ta hanyar shirin da majalisa ta amince da shi. Suna da al'adar dandali da suke kira kgotla, inda talaka yake tsayawa ya tambayi sarki a gaban jama'a. Su ma sun yi nasu abin kunya, har suka kafa hukumar yaƙi da rashawa a 1994, amma lu'ulu'un ya zama makarantu da asibitoci da hanyoyi. Norway ta sami mai a teku a 1969, ta yi dokar asusun ajiya a 1990, ta fara zubawa a 1996, a 2017 asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya, kowane ɗan ƙasa kuma yana iya duba lissafinsa ta intanet. Abin lura shi ne, kafin dukiyar ta zo sun riga sun saba da tambayar shugaba, shugaba kuma ya saba da amsawa. Ruwa ya zo ya tarar da randa. Maƙwabciyarmu Cadi kuwa ta rubuta doka mai kyau a 1999 bisa ga shawarar Bankin Duniya, cewa za a ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin mai domin 'ya'ya da jikoki. Mai ya fara gudu a bututu zuwa Kribi ta Kamaru a 2003, a ƙarshen 2005 Shugaba Idriss Déby ya soke asusun. Doka tana takarda, amma ba wanda ya isa ya ce masa a'a.

Mu ma mun taɓa gwada hanyar Yusufu. A 2004 aka buɗe asusun rarar kuɗin mai, da shi aka biya dala biliyan 12 aka kuma yafe mana biliyan 18 na bashin ƙasashen Turai bisa ga yarjejeniyar 2005. A 2008 asusun ya kai wajen dala biliyan 20. A tsakiyar 2022 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba. Rumbunan Yusufu sun kai shekarun yunwa domin akwai mai tsaronsu. Namu an cinye su tun ana cikin shekarun ƙoshi.

Littafi Mai Tsarki bai jahilci wannan abu ba. A Maimaitawar Shari'a sura 6 Musa ya gargaɗi Isra'ilawa tun ba su haye Urdun ba, cewa za su tarar da gidajen da ba su cika ba, da rijiyoyin da ba su haƙa ba, da itatuwan da ba su dasa ba, ya kuma ce a daidai lokacin ne haɗarin mantuwa da Ubangiji ya fi girma. A sura 17 aka hana sarki tara wa kansa azurfa da zinariya. Sulemanu, duk da hikimarsa, jiragensa suna kawo zinariya daga Ofir har azurfa ta zama ba a bakin kome ba a Urushalima, amma da ya mutu abin da jama'a suka zo suka faɗa wa ɗansa Rehobowam shi ne kukan wahala, mulkin kuma ya tsage biyu. Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Sama'ila. Da tsufansa ya tsaya a gaban dukan jama'a, a 1 Sama'ila sura 12, ya ce duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko ya karɓi toshiya a hannunsa, ya fito ya faɗa. Annabi ne, Allah yana magana da shi tun yana yaro, duk da haka bai ce shi ya fi ƙarfin bincike ba. Haka kuma Bulus, da zai kai gudunmawa Urushalima, bai ɗauki jakar shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya nuna akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi.

Wannan ya kawo ni cikin gidanmu, inda maganar ta fi zafi. A ikilisiyar da na tashi, muddin mishan ne yake biyan mai bishara, yake sayen kwano da magani, ranar karanta rahoton kuɗi majami'a takan watse kafin ma'aji ya buɗe littafi. Kuɗin Turawa ne, wa ya damu? Da Turawan suka tafi, ya zama daga baikonmu da dammunan dawarmu ne fasto zai ci, sai abin ya sāke. Ina tuna wata tsohuwa gwauruwa ta ɗaga hannu a taron shekara, ta ce ta ji an karanta dami 38, ita kuwa ta ƙirga 40 ranar godiyar kaka, ina biyun? Aka yi dariya, amma aka bincika. Ashe an ba wani mara lafiya ne aka manta ba a rubuta ba. Ba wanda ya yi sata, amma daga ran nan ma'aji bai ƙara mantuwa ba.

Yau fa? Ikilisiyoyi da yawa sun sami tasu rijiyar mai, watau babban mutum ɗaya daga gwamnati. Na halarci wani taron neman gudunmawar gini inda wani jami'i, wanda kowa ya san albashinsa na shekara ba zai sayi tayar motar da ya zo da ita ba, ya yi alkawarin rufin majami'a shi kaɗai. Muka tashi tsaye muka yi tafi, ni ma na yi, zumuntar mata suka yi guɗa, aka kai shi kujerar gaba. Ba wanda ya tambaya daga ina. A garin nan kuwa malaman firamare suna bin albashin wata biyar, waɗansunsu suna zaune a bencin baya suna tafi tare da mu. Bayan haka wane fasto ne zai iya buɗe Luka sura 3 ya yi wa'azi a kan abin da Yahaya Maibaftisma ya faɗa wa masu karɓar haraji da sojoji, mutumin yana zaune a gabansa ƙarƙashin rufin da ya saya? In ɗanmu ya sami muƙami, mu ne muke cika masa zaure da bukatu: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, kuɗin aure. In ya sauka bai gina bene ba mu ce wawa ne, bai san lokacinsa ba. Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, mu kuwa Gehazi muke yabo.

Saboda haka, 'yar'uwa, ga abin da zan roƙe ki. Ki faɗa wa yaron cewa kuɗin mai nasa ne, kamar yadda gyadar kakansa take tasa, ko da bai ga an cire daga aljihunsa ba. Ki faɗa masa akwai dokar 2011 da ta ba kowane ɗan ƙasa iko ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, akwai kuma hukumar NEITI, wadda dokar 2007 ta kafa, tana buga lissafin abin da kamfanonin mai suka biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Ana kuma buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon wata. Tun da ya iya waya fiye da ke da ni, ki sa shi ya nemo na ƙaramar hukumarku na wata uku, ya rubuta a takarda da manyan lambobi. Ku kai wa zumuntar mata, ku zaɓi mutum biyar masu natsuwa, ku tafi wurin kansila da ladabi ku tambayi kuɗin maganin asibitin nan. Ku gayyaci maƙwabtanku Musulmi ku tafi tare, gama su ma asibitin nan suke kai 'ya'yansu. Mai yiwuwa zuwan fari a ce ba ya nan. Dattawan garinmu ma sai da suka kwana biyu suna komawa zauren mai gari.

Ranar Lahadin da za a karanta rahoton kuɗi a ikilisiyarku kuma, kada ki bar shi ya fita wasan ƙwallo. Ki zaunar da shi kusa da ke, ki ba shi fensir.

In kun je wurin kansilan, ki rubuto mini abin da ya ce, zan sa a wannan fili. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba wasiƙun da suka taru a kan bashin takin zamani, da abin da ya kamata miji da mata su yarda a kai kafin a ci shi.